Maikano Makiyayin Yis

Duk wanda ya san karar shanu ta Kontagora a shekarun baya ya san Maikano dillali, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. Mutum ne da zai dafa ƙugun saniya ya gaya maka sunan kakarta da rugar da aka haife ta, kuma ko ƙarya yake yi ba ka da yadda za ka tambayi saniyar. To, da 'yan bindiga suka matsa wa hanyar Kasuwan Garba, shanu suka yi ƙaranci har dillalai suka fi su yawa a kara, sai Maikano ya saɓa sandarsa ya dawo gida. Gidan kuwa matarsa Aminatu ce ke riƙe da shi da tandar waina. Wainarta irin wadda in ka latsa ta da yatsa take dawowa ta cika ce, har daga bayan gari ake aiko da kwano.

Ci bai dami Maikano ba, yana ci yana ƙoshi. Suna ne ya dame shi. A hankali unguwa ta manta da Maikano, ta koma kiransa Mijin Mai Waina. Ya daure, ya daure, har ranar wata Juma'a da ladan ya ɗauki lasifika ya ce, "Mijin Mai Waina ya zo ya janye kekensa daga bakin ƙofa." Sahu uku suka waiwayo suka dube shi. Tun daga ranar ya yi rantsuwa sai Kontagora ta sake kiran sunansa na asali, ko da me.

Wata Asabar da safe yana kishingiɗe a benci yana kora wa Aminatu ƙuda, sai ga Malama Charity, maƙwabciyarsu mai koyar da ilimin halittu a sakandare, ta zo da kwanonta. Tana jiran layi ta ɗauki ledar yis ɗin da Aminatu ke zubawa a ƙullu tana juyawa.

"Maman Nuru, kin san wannan abin yana da rai?"

"Yana da tsada dai," in ji Aminatu.

"Allah da gaske. Halittu ne ƙanana, ido ba ya ganinsu sai da madubin makaranta. Suna ci, suna numfashi, numfashin nasu ne ke tayar miki da ƙullu. Har haihuwa suna yi."

Maikano ya ɗago kai. "Haihuwa? Malama, wane ne bijiminsu?"

"Ba sa jiran bijimi, Baba Maikano. Ɗa yakan tsiro a jikin uwa kamar ƙurji, ya girma ya ɓalle."

"To ai ba tarbiyya ke nan."

Charity ta yi dariya, ta ce ai abin da ya fi wannan daɗi shi ta karanto a kwas ɗin da ta je. Wani yis ɗin a warwatse yake zama a ruwa, kowa harkar gabansa. Wani kuwa dunƙulewa yake, su kama juna su cure su nutse ƙasa. Kuma ba ra'ayi ba ne, gado ne. Akwai wata ƙwayar gado a cikinsu, wanda ke da ita sai fatarsa ta fitar da 'yan ƙayoyi kamar na ƙarangiya, su maƙale a jikin na kusa da shi. In ƙwayar ta fi tsawo, maƙalewar ta fi ƙarfi. Abin da ya haifa ma haka zai zo.

"Me suke samu in sun cure?" in ji Maikano. Ya riga ya tashi zaune.

"Kariya. In guba ta zo, na waje take fara kashewa, na ciki su tsira. Waɗanda ba su da ƙwayar kuwa galibi su ake turawa waje."

"Talakawa ke nan," in ji Aminatu, tana juya waina.

Maikano ya miƙe tsaye, mafici ya faɗi. "Garke! Malama, garke kike gaya mini! Shanun kirki su ne masu haɗa kai in kura ta zo. Masu warwatsewa kuwa ragowar kasuwa ce. Wato shekara ashirin ana sayar wa matata tarkacen yis marar asali, ni ina zaune!"

"Tsaya, Baba, ban gama ba. Shi ƙullu..."

"Malama, ke kin karanta gado a takarda. Ni na shekara talatin ina duba shi a ƙarƙashin wutsiya."

Ya sa takalmi ya fice. Charity ta dubi Aminatu, Aminatu ta ce, "Na nawa za a zuba miki?"

Kafin rana ta take, teburin Lukuman mai shayi ya gama jin shirin. Lukuman tsohon abokin Maikano ne, irin abokin da ba ya bari ka faɗi sai ya kira mutane sun gani. Maikano ya hau kan benci da ƙafa ɗaya ya ce zai fitar da irin yis na Kontagora, zaɓaɓɓe, ɗan asali, kamar yadda Fulani suka fitar da bunaji. Nan da shekara masu gidan burodi daga Minna har Sakkwato za su yi layi a ƙofar gidansa.

"A tirela za ka riƙa lodinsu ko kora su za a yi a ƙasa?" in ji Lukuman.

"Yi dariyarka. Ranar da aka buga hotona a jikin leda, kai ko ledar ba zan ba ka ba."

"Wa za a rubuta a ƙasan hoton? Mijin Mai..."

"Ƙarasa ka ga yadda ake wanka da shayi."

Ya koma gida ya share zaure ya ce nan ne ruga. Ya tara kwalaben lemo goma sha biyu, ya ɗebi yis ɗin Aminatu da sukarinta ba tare da sallama ba, ya dama da ruwan gero ya ɗura. Kowace kwalba ya ɗaura mata tsumma a wuya ya raɗa mata suna irin na shanu: ga Bunaji, ga Rahaji, ga Bokolo, ga Karsana. Da yake a kara ya koyi cewa dabbar da ba a ɗaure ba ta ɓarawo ce, sai ya samo toton masara ya toshe bakin kowace, ya buga da guduma, ya naɗe da robar tayar keke. Da hantsi kuma ya fito da su cikin rana, wai kiwo.

Rana ta uku, ana tsakiyar zafin azahar, Bokolo ta ce bam!

Kafin kaji su gama tashi Rahaji ta amsa, Karsana ta bi, wasu huɗu suka rufa musu baya. Ga gari dama kunnen kowa a tsaye yake. Wata mata a bayan katanga ta kurma ihu, "Sun shigo!" Shi ke nan, unguwa ta yamutse. Mai kanti ya ja ƙofa ya kulle kansa da mai sayen ashana a ciki. Lukuman ya tsallake kwata riƙe da butar shayi, bai san yana riƙe da ita ba sai da ya kai bakin masallaci. 'Yan banga suka iso da bindigogin toka suna rarrafe a bin bango, suka leƙa zauren, suka tarar da Maikano a ƙarƙashin benci, kumfa tun daga hula har gemu.

"Su nawa ne?" in ji shugabansu da raɗa.

"Da goma sha biyu ne," in ji Maikano. "Yanzu saura biyar."

Da aka gane abin da ya faru, mai unguwa ya sa aka kira shi, ya ce in ya sake tayar wa mutane da hankali, shi da shanun kwalbarsa sai bayan gari. Maikano ya fito yana gaya wa mutane cewa wannan alamar ƙarfi ce. Ina aka taɓa jin yis ɗin kanti ya kori unguwa?

Charity ta leƙo da yamma ta ce don Allah ya daina toshewa, ya rufe da ƙyalle kawai, abin numfashi yake. Ya ce dama abin da ya yi niyya ke nan. Ta ce kuma akwai maganar da ba ta ƙarasa ba ran nan. Ya ce ta ajiye ta, zai aiko a karɓa.

Saura biyar, sai ya ga kamar sun rame. Kowa kuwa ya san abin da ake ba saniya in ta rame. Ya jiƙa kanwa mai kauri ya ɗura wa uku. Washegari ukun suka yi shiru, ko ƙwayar kumfa babu, sai wari. Ya fito da su ya binne a bayan gida, ya ce annoba ce ta ratso daga Kaboji. Lukuman ya zo har zaure ya cire hula ya ce, "Ya haƙuri? Allah ya sa iyakar wahalarsu ke nan."

Bunaji da wata da bai ma raɗa wa suna ba su ne suka rage, su ya ba ransa. Nan kuma, a faɗi gaskiya, dillalin ya san aikinsa. Kullum da safe sai ya girgiza kwalba, ya ajiye, ya ƙirga ɗari. Abin da ya tsaya yana yawo a sama ya tsiyaye shi a kwata yana cewa, "Tafi can, 'yan iskan gari." Abin da ya cure ya nutse, shi yake kwashewa da ludayi ya sa a sabon ruwan gero da sukari. Gobe haka, jibi haka. Sati biyu, curin ya kai ƙwayar gero. Sati huɗu, ya kai dawa. Ya bar kwalba ya koma tulu. Ranar kwana arba'in, in ya juya tulun, kafin ya ƙirga goma komai ya kwanta a gindi kamar ƙwan kwaɗi, ruwan sama garau har kana ganin fuskarka.

Ya je kara ya jawo Hussaini, wani makiyayi da suka daɗe suna ciniki, ya zo ya shaida. Hussaini ya tsuguna, ya jingina sandarsa, ya daɗe yana leƙen tulun.

"Maikano, ina ƙahon?"

"Ba su da ƙaho."

"Ana tatsa?"

"Ba a tatsa. Kai dubi haɗin kai! Dubi yadda suka kwanta wuri guda!"

"Na gani," in ji Hussaini. "Mu dai a wajenmu, in garke ya kwanta wuri guda da hantsi ya ƙi tashi, likita muke kira."

Maikano ya ce hassada ce irin ta masu tsohuwar sana'a.

Ana haka sai ƙungiyar 'yan Keke Napep ta gama ginin sabuwar tasharta a hanyar Kaboji. Shugabansu, Abel, wani ƙaƙƙarfan mutum mai son a yi abu a gani, ya zo da kansa ya ce wa Aminatu ranar buɗewa yana son waina dubu biyu, kuma a can za a soya a gaban baƙi, da zafinta. Za a yi rumfa, za a kawo lasifika, rabin gari zai zo. Kalmar lasifika kawai Maikano ya ji.

"Aminatu, ranar ta zo. Da Bunaji za a tayar da ƙullun nan."

"Malam, ka ga tandar nan? Ita ta biya wa Nuru makaranta, ita ta saya maka hular da ke kanka. In wannan dagwalon naka ya matso kusa da ƙulluna, ni da kai sai an shiga tsakani."

"Dagwalo? Jikan jikan zaɓaɓɓu kike kira dagwalo?"

"Ko jikan sarki ne."

Sai ya yi laƙwas, abin da ya kamata ya ba ta tsoro. Jajibirin buki ya zama mijin kirki. Shi ya kai shinkafa inji, shi ya ɗauko, shi ya jera manyan robobi huɗu. Da aka kira magariba ya ce, "Je ki yi salla, ki bar mini ledar, ni zan zuba." Aminatu ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a ranta wataƙila tsufa ne ya fara gyara shi. Tana tayar da kabbara ya cusa ledar a aljihu, ya kinkimo tulu ya raba wa robobin nan Bunaji, ludayi shida shida, ya juya, ya rufe. Da asuba kuma shi ya riga ta tashi, ya ɗaure marafan da igiya ya loda a keke, ya ɓoye tulun a bayansu.

"Ka duba ya tashi?" in ji ta, tana haɗa itace da tanda.

"Ya tashi har ya gaishe ni."

Bai duba ba. Mai ɗan asali ba ya duba.

Tasha ta cika. Kekuna sun yi layi an ɗaura musu balan-balan, ga liman a kujerar gaba, ga fasto kusa da shi, ga mai unguwa, ga mata masu sayar da abinci sun zagaye. Aminatu na can gefe tana hura wuta. Ana gama addu'o'i, kafin Abel ya buɗe baki, sai ga Maikano cikin babbar riga ya karɓe abin magana daga hannun mai gabatarwa.

"Jama'a, salamu alaikum! Sunana Maikano. Ku maimaita!"

'Yan keke da son raha suka ce, "Maikano!"

"Wainar da za ku ci yau ba irin wadda kuka saba ba ce. Da yis ɗina aka yi ta, wanda na kiwata da hannuna kwana arba'in da ɗoriya, ɗan gado, jikan masu haɗa kai. Ga uwar garken nan a tulu, kowa ya zo ya gani. Daga yau duk abin da ya fito daga wannan iri, sunana ne a kansa. Na faɗa a gaban liman, na faɗa a gaban fasto!"

Aka yi tafi. Aminatu kuwa tun daga "yis ɗina" ta saki muciya ta ruga ta kwance igiyar robar farko. Ta ɗaga marfi. Ƙullu na nan inda ta bar shi jiya, ko yatsa ɗaya bai ƙaru ba, sai wani tsararon ruwa a sama. Ta zura ludayi ƙasa ta ɗebo, sai ga curi-curi kamar an zuba tsakuwa. Ta buɗe ta biyu, ta uku, ta huɗu. Ta ɗago ta dubi mijinta daga nesa. Wanda ya ga kallon ya ce ko shi da ba mijinta ba sai da ya ji fitsari.

Maikano ya iso da sauri. "Juyawa ake yi! Kwanciya suka yi, sun sha hanya."

Ya karɓi muciya ya juya da ƙarfi. Curin ya taso, ya zagaya sau ɗaya, ya koma ya kwanta. Ya sake juyawa yana "Har! Har!" kamar mai kora shanu. Suka sake kwanciya. Ga mutum ɗari biyar sun miƙo faranti.

"Soya," in ji Abel. "Baƙi na jira."

Aminatu ta ce, "To." Ta zuba mai, ta ɗebi na sama ta cika gurabun tanda. Abin da ya fito faya-fayai ne ƙanana, masu ƙyalli, masu nauyi. Aka kai wa manyan baƙi. Abel ya gatsa, ya tsaya, ya fito da ita ya duba ko da ƙarfe a ciki. Liman ya yi bisimilla ya gwada ta gefen hagu, ya mayar gefen dama, sannan ya sa ta a aljihu cikin mutunci. Fasto ya ce shi dama yana azumi, yanzu ya tuna.

Wani ɗan keke ya jefa tasa a kan kwanon rumfa, ta ce ƙwal, ta gangaro ba ta ko tsage ba.

"Shugaba, a ba ni guda huɗu! Kekena ba shi da birkin hannu!"

"Ni a ba ni mai huda a tsakiya, washar ɗaure noti nake nema!"

"Wannan na sama ne!" in ji Maikano, gumi na bin gemunsa. "Ƙarfin yana ƙasa! Ɗebo na ƙasa!"

Aminatu ta kai ludayi har gindi ta kwaso curin zalla ta zuba a mai. Nan kuwa aka ga ƙarfi. Wainar ta kumbura ta gefe guda kamar kuncin mai ciwon haƙori, ta yi tsiii, ta fashe, ta watsa mai. Ta kusa da ita ta yi tsalle ta bar tanda ta faɗa cikin hular mai unguwa da ya cire yana fifita. Mai unguwa ya dubi hular, ya dubi Maikano.

"Kai ne dai. Kai ne dai kuma."

Malama Charity ta kutsa ta leƙa tulun, ta girgiza, ta ga yadda ya kwanta nan take. Ta riƙe baki.

"Baba Maikano, ka san abin da ka yi? Abin da masana ke yi da injuna, kai ka yi shi da ludayi. Ka zaɓi masu maƙalewa har ka fitar da iri. Ban taɓa ganin mai curewa haka ba."

Maikano ya gyara riga. "Ku ji fa! A ba ta lasifika!"

Aka ba ta. Ta ce, "Sai dai maganar da ka hana ni ƙarasawa ke nan. Ƙullu yana son yis mai warwatsewa, wanda zai shiga ko'ina ya yi numfashi ya tayar da shi. Waɗanda ka riƙa zubarwa a kwata, su ne masu aikin."

Lukuman ya hau kan benci. "Jama'a kun ji! Kwana arba'in yana korar ma'aikata yana tara masu zaman majalisa! Wallahi gado gaskiya ne, sun biyo ubansu!"

Tasha ta kece da dariya, har da masu buga hon. Ana cikin haka wata dattijuwa mai ɗaurin zane a ƙirji ta matso ta tsuguna gaban tulun. Mama Rachel ce, wadda duk bayan gari aka sani da dafa burukutu, ta zo taya ɗanta murnar samun keke. Ta girgiza tulun, ta ƙirga da yatsu, ta sa ɗan yatsa ta ɗanɗana ruwan saman.

"Malama, wannan in ya gama aiki kullum haka yake kwanciya, ya bar ruwa garau?"

"Kullum, Mama. Shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Irin wanda masu sana'arku ke nema ke nan."

"Shekara talatin ina tata da tsumma har bayana ya lanƙwashe," in ji Mama Rachel. "Ashe maganin yana gidan Malam. Malam, sannu da ƙoƙari. Allah ya yi maka albarka."

Duk wannan a bakin lasifika, don Charity ta manta ba ta sauke hannu ba. Liman ya yi gyaran murya ya dubi sama. Maikano ya yi wuf zai rungume tulun, Aminatu ta riga shi.

"Mama, ɗauki. Har tulun na ba ki, sadaka."

"Aminatu! Dukiyata!"

"Sukarina, gerona, tuluna. Kai kuma ga muciya, ga roba huɗu, ka wanke. Abel ya aika a sayo burodi, kai za ka yanka wa mutum ɗari biyar, da babbar rigarka."

Haka aka yi. Yana yanka ana wucewa ana cewa, "Sannu Maikano." Bai taɓa jin an kira sunan sau da yawa haka a rana ɗaya ba, kuma bai ɗago kai ko sau ɗaya ba.

Aminatu sati guda ta yi tana raba waina kyauta a tasha kafin sunanta ya wanku. Na Maikano kuwa gaba ya yi. Kafin wata ya ƙare, duk wanda ya bi ta bayan gari da la'asar zai ji ana ƙwala kira daga rumfar Mama Rachel: "A ƙaro Maikano ƙwarya biyu!" Wani ya ce Maikano ya kayar da shi a kwata. Wata ta kai ƙara wajen mai unguwa cewa Maikano ne ke hana mijinta kwana a gida.

Da abin ya ishe shi, ya ja hula har gira ya tafi rumfar, ya tsaya daga nesa kamar mai jiran mota, ya yafito ta.

"Mama, don girman Allah ki canza wa abin nan suna. Ki sa naki. Ki sa na Lukuman."

Mama Rachel ta goge hannu a zane ta ce, "Haba Malam. Kai ka tsaya gaban liman da fasto ka ce duk abin da ya fito daga irin nan sunanka ne a kansa. Jiya ma na raba wa mata uku daga Kaboji, can ma ya haihu."

"Ya haihu?"

"Sosai. Duk kamarsu ɗaya. Zauna mana a kawo maka ruwa, jikokinka na ciki suna aiki."